Kafin a ƙara wa sabar gida wurin ajiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da yake ƙara yaɗuwa a tsakanin masu sha'awar kwamfuta a cikinmu, wato ajiye saba a gida. Saba kwamfuta ce da ake bari a kunne dare da rana, a haɗa ta da intanet ɗin gida, domin wayoyi da kwamfutocin mutanen gidan su riƙa zuba hotuna da bidiyo da takardu a cikinta. Tun daga ranar 1 ga Yuni, 2021, lokacin da Google ya daina ba da wurin ajiyar hotuna mara iyaka kyauta, mutane da dama suka ga cewa gigabayit 15 ɗin da ya rage ba zai ɗauki ko bidiyon biki guda ba, sai suka fara tunanin ajiye kayansu a ɗakunansu. Ni ma ina cikinsu, kuma abin da ya same ni ranar da tawa sabar ta cika shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Tsohuwar kwamfutar tebur ce na mayar saba, da faifan ajiya biyu masu terabayit 2 kowanne (terabayit ɗaya gigabayit dubu ne), waɗanda na haɗa su ta yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya za a rubuta shi a ɗayan. Wannan tsari shi ake kira RAID 1, kuma sunan RAID ya samo asali ne daga wata maƙala da masana uku suka fitar a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1988. A cikinta nake ajiye hotunan iyali, da karatun malamai da na naɗa a watan azumi shekara da shekaru, da hotunan takardun gida da na filaye. Bayan bikin 'yar yayana, mai ɗaukar hoto ya kawo mana bidiyo da ya kusa gigabayit 200, sai sabar ta ce babu sauran wuri.

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne in sayi babban faifai guda ɗaya in kwashe komai a kai, kuma na san shi ne abin da yawancin mutane za su yi. To amma wanda ya yi haka ya ƙara wuri ne ya kuma rage tsaro, domin ya tashi daga kwafi biyu ya koma kwafi ɗaya. Duk terabayit da mutum zai ƙara wa sabarsa, ya kamata ya lissafa kuɗinsa sau biyu tun daga farko. Idan aljihu ba zai ɗauki faifai biyu masu terabayit 8 ba, gara a sayi biyu masu terabayit 4 da a sayi ɗaya mai 8. Kuma kada mutum ya yi zaton an cuce shi idan ya saka faifai mai terabayit 4 ya ga kwamfuta ta nuna 3.64, domin kamfanoni suna ƙirga da dubu, ita kuwa kwamfuta tana ƙirga da 1,024.

Ni dai na nemi araha, na sayo faifai biyu na hannu a wani shago, mai shagon yana rantse mini cewa kusan sababbi ne. Da na dawo gida na duba bayanan SMART, wato rajistar da kowane faifai yake riƙewa game da lafiyarsa da tsawon aikinsa, sai na tarar ɗaya ya yi aiki sama da awa 30,000. Shekara guda awa 8,760 ce, ke nan ya fi shekara uku yana juyawa ba hutawa, ga kuma wasu sassansa da suka lalace har ya sauya su da na ko-ta-kwana. Araha ba ta ado. Duba wannan rajista ba ya ɗaukar minti biyar, kuma ya kamata a yi shi a gaban mai shago kafin a miƙa kuɗi.

Akwai wani tarko kuma da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Faifan ajiya masu juyawa iri biyu ne ta fuskar yadda suke rubutu: CMR, wanda yake jera layukan rubutu gefe da gefe ba tare da sun hau juna ba, da SMR. Shi SMR yana ɗora layin rubutu a kan gefen na kusa da shi kamar yadda ake jera kwanon rufi, domin a sami ƙarin wuri, amma idan aka matsa masa da dogon rubutu sai ya yi nauyi ƙwarai. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce a duniyar kwamfuta bayan an gano cewa ana sayar da irinsa ga masu saba ba tare da an bayyana ba. Manyan masu ƙera faifai uku ne suka rage a duniya, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma lambar samfurin da ke jikin faifan ta isa a bincika a gane ko wane iri ne. Ga saba, CMR ya kamata a nema.

Wurin da ya fi hatsari a duk aikin shi ne lokacin sauyawa. Ana cire tsohon faifai ɗaya ne, a saka sabon babba, a jira sabar ta kwafe komai a kansa, sannan a yi wa na biyun haka, kuma wurin ba zai ƙaru ba sai an gama duka biyun. Faifai mai juyawa yana rubuta abin da bai wuce megabayit 200 ko kusa da haka ba a daƙiƙa, saboda haka cika terabayit 8 zai ci awa 11 ko fiye. A duk tsawon wannan lokaci kwafi ɗaya kaɗai sabar take da shi, a kan tsohon faifan da ake wahalarwa fiye da kowane lokaci a rayuwarsa. Ni ana tsakiyar wannan aiki aka ɗauke wuta, batirin UPS ɗina, na'urar da take riƙe kwamfuta a kunne idan an ɗauke wuta, ashe ya mutu ban sani ba, ya yi ƙara sau biyu ya yi shiru. Na zauna a cikin duhu ina tunanin hotunan mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, waɗanda babu su a ko'ina sai a waɗannan tsofaffin faifai. Allah Ya kiyaye, sabar ta tashi, amma tun daga ranar ba na fara irin wannan aiki sai na haɗa ta da inbata mai cikakken caji.

Wanda yake son ya haɗa faifai uku ko fiye ya sani cewa a tsarin RAID 5 ana rasa wurin faifai guda domin bayanan kariya da za a farfaɗo da komai da su idan ɗaya ya mutu, wato uku masu terabayit 4 za su ba da 8, kuma idan girmansu ya bambanta, mafi ƙanƙanta ne zai zama ma'auni ga sauran. Unraid, wani tsarin tafiyar da saba, yana barin a gauraya manya da ƙanana, muddin faifan kariya shi ne mafi girma. Masu amfani da ZFS, wani tsarin sarrafa faifai, kuwa sun daɗe ba sa iya ƙara faifai guda a kan rukunin RAIDZ, wato irin nasu RAID ɗin, sai da sabon fitowarsa OpenZFS 2.3 ya zo a Janairun 2025.

Kowane faifai da aka ƙara yana shan wat 5 zuwa 8 yana aiki, ya fi haka nesa a lokacin tashi, kuma yana ƙara zafi a cikin akwatin. A bazararmu, inda zafi yake haura digiri 40 a inuwa, faifai huɗu a cunkushe babu fanka a gabansu ba za su yi ƙarko ba, ga ƙurar hunturu da take toshe kafofin iska idan ba a share ba.

Sannan RAID ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Idan yaro ya goge hotuna bisa kuskure, ko tsawa ta bi waya, ko ɓarawo ya ɗauki akwatin, duka faifan tare za su tafi. Shi ya sa masana suke cewa a riƙe kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma a wajen gida. Tsofaffin faifaina biyu ban sayar da su ba: na saka ɗaya a akwatin USB, ina kwafe takardu da hotuna mafi muhimmanci a kansa duk ƙarshen wata, in kai shi gidan ƙanwata a wata unguwa, in karɓo ɗayan.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Kano