Bayis Mai Rawa: Kira Ga Maƙeranmu Da Masu Sayen Kayan Aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana a kan wani ƙarfe da ba a cika kawo zancensa ba, alhali dubban magidanta da shi suke neman abinci. Bayis nake nufi, ƙarfen nan mai baki biyu da ake kafawa a kan benci, a murɗa hannunsa ya cije abin da za a yanka, ko a goge, ko a huda. Ni mai walda ne da gyaran ƙarfe a Tudun Wada, Kaduna, kuma bana shekarata 34 a wannan sana'a.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani yarona watan jiya. Ya kama guntun bututu a sabon bayis ɗin da na saya ko shekara bai yi ba, ya murɗa iya ƙarfinsa, ya ɗauko injin yanka ya kafa. Bai kai rabi ba bututun ya zame ya karkace, faifan yankan ya maƙale ya yi tsalle ya same shi a bayan hannu. Ɗinki shida aka yi masa, kuma mun gode Allah da abin ya tsaya nan. Da muka dawo daga asibiti na je na kama bakin bayis ɗin na girgiza, sai na ji yana ƙwas-ƙwas, sama da ƙasa, hagu da dama. Na sake matse bututun ina kallo da kyau. Ƙasan bakin ne kawai ya kama, saman kuwa ya buɗe har ina iya zura takardar kwalin sigari. Washegari na koma wurin wanda ya sayar mini, ya saurare ni tsaf, ya ce, "Alhaji, ai duk haka suke zuwa."

Wannan amsar ce ta hana ni barci. Ba duk haka suke ba. A kusurwar shagona akwai tsohon bayis ɗin maigidana, Allah ya jiƙansa, ƙirar Record lamba 6 ta birnin Sheffield a Ingila, mai baki inci 6. Na tarar da shi a shagon ran da aka kawo ni koyo, fentinsa shuɗi duk ya goge sai ɗan abin da ya maƙale a lungu, amma har gobe idan ya kama abu ya kama ke nan. Na kwance su duka biyun na shimfiɗa a kan buhu, na kira yara suka kewaye, muka bi su gaɓa-gaɓa.

Mu a bakin aiki kalma ɗaya muke yi wa abin, mu ce bayis ya saki, ko yana rawa. Amma sakin ba iri ɗaya ba ne, kuma ba duka ne ke da haɗari ba. Akwai wanda kowa ya fi lura da shi: ka juya hannu ya yi ta tafiya a banza kafin bakin ya motsa. Idan sandar murɗin, wato doguwar kusar da hannun ke juyawa, tana tafiyar milimita 5 a kowane zagaye, kamar yadda da yawa suke, kuma hannun ya yi rabin zagaye bakin bai motsa ba, to milimita biyu da rabi ke nan na wofi. Mutane kan ɗora laifin a kan tiredi, wato zaren murɗin da aka yanka a jikin sandar, su ce ya cinye. Sau da yawa ba shi ba ne. Wurin da sandar ta ratsa bakin gaba mai motsi ne, inda ake sa washa da fil su riƙe ta. A cikin na maigidana akwai sifirin mai kauri a bayan wannan wurin, da washa, da fil. Sifirin ɗin yana tura sandar ta zauna daram a kafaɗarta, shi ya sa da ka juya baya bakin ke biyo ka nan take. A sabon kuwa, wata 'yar washa ce siririya kamar murfin kwalba da guntun waya da aka lanƙwasa. Na ɗauko sifirin bawul na tsohon injin mota na sa masa, da washa mai kauri, rabin zagayen nan ya dawo bai kai kwata ba. Abin da ba zai ci wa maƙerin komai ba ke nan, amma ya bar shi.

Shi kuma sakin da ke tsakanin tiredi da notin da sandar ke murɗuwa a cikinsa, ina so 'yan'uwana su ji ni da kyau, dole ne a bar kaɗan. Nan giris ke zama, nan datti ke samun hanyar fita. Da zarar ka matse abu, gefe ɗaya na tiredin ne ke ɗaukar nauyi, filin da ke ɗaya gefen ba ya rage wa kamun komai. Na ga wani abokin sana'a ya sa an sassaƙa masa noti cif-cif ba ko numfashi, sati uku ya yi yana murna, da hunturu ya shigo ƙura ta cika shi sai da guduma ake juya hannun. Abin dubawa a nan shi ne irin tiredin. Na kusar yau da kullum bakinsa kamar haƙorin zarto yake, kusurwarsa digiri 60, an yi shi ne don a ɗaure a bari. Na bayis kuwa mai faɗin kai ne, digiri 29 a irin da ake kira Acme, ko digiri 30 a irin awon milimita, an yi shi ne don ya yi ta kai da komo da kaya a kansa shekara da shekaru. Na sha ganin bayis ƙirar gida da aka yi da doguwar kusa ta gini, ƙarfensa lafiyayye, waldarsa tsaf, amma wata shida tiredin ya zama kamar an lashe. Da maƙerin ya cire sandar tsohon jak na mota, ko ta ƙafar sikafol ɗin da magina ke hawa, da ya sami irin tiredin da ya dace a araha. Notin kuma in da hali a yi shi da tagulla, a kafa shi da fil yadda za a iya cirewa, don shi ya riƙa cinyewa a madadin sandar, a canja shi idan ya gaji. Kada a like shi da walda.

To amma wanda ya yanki yarona ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Shi ne rawar da ke tsakanin doguwar jelar bakin gaba da ramin da take shiga a jikin bayis. A nan nake so a tsaya a yi tunani. Sandar murɗi a ƙasa take, abin da aka kama kuma a sama yake. Idan ka matse, sandar tana jan bakin ciki ta ƙasa, abin da ka kama yana tura shi waje ta sama. Dole bakin ya so ya kwanta baya, wajen mai aiki, jelar kuma ta ɗaga ta can ƙarshe har sai ta daki rufin ramin. Iya filin da ke cikin ramin, iya yadda bakin zai buɗe ta sama. Na zura filageji, wanda bakanike ke auna bawul da shi, a ramin na maigidana, da ƙyar ganyen milimita 0.2 ya shiga. A sabon, na haɗa ganyaye sun haura milimita ɗaya da rabi suna shiga suna fita. Da na haska tocila ciki sai na ga dalili: ramin yadda ya fito daga zubi haka aka bar shi, da ƙurajen yashi, ba a taɓa goge shi da inji ba. An buɗa shi da yawa ne don kowace jela ta shige ba sai an zauna an daidaita ba, sannan aka cika shi da giris mai kauri. A shago, giris ɗin nan shi ke ɓoye rawar. Sati biyu da fara aiki ya matse ya fita, gaskiya ta bayyana.

Kuma abin yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ka buɗe bakin, domin jelar da ta rage a cikin ramin tana gajarcewa. Haka nan idan ka kama abu a gefe ɗaya na bakin, sai ya murguɗe, ya kama da kusurwa kawai. Shi ya sa nake koya wa yara su sa wani guntu mai kauri ɗaya a ɗaya gefen.

Na yi wa sabon magani irin namu. Na goge ramin da magagari, na yanko fallen tagulla na shimfiɗa a ƙarƙashin jelar, na lanƙwasa bakinsa don kada ya zame. Ya yi sauƙi. Amma faci ne, kuma na san bayan shekara zan sake.

Ƙarfe in dai yana gogar ƙarfe sai ya ci, balle a ƙasarmu. Ƙurar hunturu da garin faifan gurzawa idan suka haɗu da giris, sun zama abin wasa wuƙa, kullum suna cin jela da tiredi a hankali. Saboda haka ni a ganina ba a cewa a ƙera bayis da ba zai taɓa saki ba. Abin da za a nema shi ne a ƙera shi da wurin ɗaurewa idan ya saki. Wasu sun daɗe da gane haka. A Jamus, tun 1925 wani mai suna Josef Heuer ya fito da bayis na ƙarfen da aka buga, ba na zubi ba, wanda har yau ake yi a garin Plettenberg, kuma a tsakiyarsa akwai kusa guda da ake ɗan ɗaurewa ta matse hanyar da jelar ke bi duk lokacin da rawa ta fara. A Amurka, kamfanin Wilton da aka kafa a Chicago a 1941 ya bi wata hanyar: ya yi jelar zagayayya kamar bututu, tana shiga rami zagayayye da aka goge, da ɗan maɓalli a ƙasa mai hana ta juyawa, sandar murɗin kuma a rufe take ruf a ciki, ƙura ba ta ganinta. Waɗannan suna da tsada, ba na ce kowa ya saya ba. Dabarar nake so mu ɗauka.

Kuma dabarar ba ta fi ƙarfinmu ba. Duk wanda ya shiga Panteka a nan Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya san akwai hannayen da ke ƙera injin markaɗe da injin casar masara daga ƙarfen da wasu suka zubar. Ga masu ƙera bayis a cikinsu nake cewa, don Allah ku bar fili a gefe ɗaya da saman ramin da gangan, ku zura ɗan falle mai kauri na tagulla ko ƙarfe mai laushi, ku huda jikin ku sa ƙananan kusoshi biyu ko uku da za su riƙa tura shi, kowace da notin kulle. Duk mai injin sassaƙar ƙarfe ya san wannan, domin haka teburin injinsa yake. Idan rawa ta fara, mai bayis ya ɗauki sifana ya ɗan ɗaure, minti biyu ya gama. Ku tsawaita jelar yadda ko an buɗe baki duka za a bar akalla tsawon tafin hannu a ciki. Ku rufe saman sandar murɗi, ko da da guntun bututu ne. Haƙoran baki kuma ku ɗaura su da kusa, ku ɗan karkato su kaɗan yadda samansu zai riga haɗuwa, don idan aka matse su zauna daidai. Na yi imani wanda ya fara yin haka ya kuma buga sunan shagonsa a jiki, ba zai rasa masu saye ba, ko da ya ɗora wani abu a kan kuɗin. Ni ne na farko.

Ina kuma fata malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ke maƙwabtaka da Panteka, da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, za su duba yiwuwar fitar da zane guda mai sauƙi, da awo a rubuce da Hausa, a raba wa maƙera. Ɗalibai ma ga aikin kammala karatu da zai amfani mutane.

Mu masu amfani da shi ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Idan bayis ya ƙi kamawa, sai yaro ya zura bututu a hannun ya hau da ƙafa, ko ya bi shi da guduma. Tsawon hannun nan da aka ba shi, shi ne iyakar ƙarfin da jikin zai ɗauka. Ƙarfen zubi na yau da kullum ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi farat ɗaya. Aikin dukan ƙarfe na maƙera ne da uwar maƙera, ko bayis mai doguwar ƙafa da ke kai ƙarfin bugun zuwa ƙasa. A shagona yanzu duk ranar Alhamis kafin a tashi sai an buɗe bayis duka, an wanke sandar da jelar da kananzir, an shafa mai kaɗan. Lokacin hunturu kuma ana rufe shi da buhu.

Wanda zai je saye kuma, kada kyan fenti ya ɗauke masa hankali. Ya buɗe bakin kamar faɗin tafin hannu, ya kama da hannu biyu ya ɗaga ya girgiza. Ya goge giris ɗin jelar da tsumma ya sake girgizawa, ko mai shago ya ɓata rai. Sannan ya rufe bakin a kan 'yar takarda, a kusurwar dama da ta hagu, sama da ƙasa, ya ja. Inda takardar ta zare, nan aikinsa zai zame.

Yaron ya dawo aiki shekaranjiya, an cire zaren. Na mayar da shi kan bencin da tsohon bayis ɗin yake har sai na sami wanda zai ƙera mini irin wanda na kwatanta. Duk maƙerin da ya karanta wannan ya ga zai iya, ya aiko da amsa ta wannan shafi, zan zo da awon da na ɗauka mu zauna.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai walda,
Tudun Wada, Kaduna.