Maganin Gargajiyar Sin Ba Ya Rabuwa da Duba Majinyaci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan abin da ake kira "maganin China", wanda yanzu ake tallarsa a kasuwanni da tashoshin mota da gidajen rediyo, ana cewa kwalba guda tana kawar da hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa a lokaci ɗaya. Masu wannan talla suna fakewa da daɗewar ilimin likitancin Sinawa, alhali abin da suke yi ya saɓa wa ƙa'idar farko ta ilimin, wato ba a haɗa magani sai an duba mai ciwon shi kansa, a halin da ya zo da shi ranar.

Likitocin gargajiya na ƙasar Sin sun gaji hanyoyi huɗu na duba majinyaci daga littattafan da suka kusa shekara 2,000. Likita zai fara da kallo, ya lura da fuska da ido da yanayin tafiya, musamman harshe, inda yake neman launinsa da kaurinsa da irin farin ko rawayan da ya rufe shi. Zai saurari murya da numfashi da tari, ya kuma kula da warin jiki da na baki. Daga nan sai tambayoyi masu yawa a kan barci da ƙishirwa da gumi da fitsari da bahaya, da al'ada idan mace ce, da kuma ko mutum ya fi jin sanyi ko zafi. Na huɗu shi ne taɓa jijiya, kuma a nan suka fi zurfafawa: likita yana ɗora yatsu uku a wuyan kowane hannu, ya danna a hankali sannan ya danna da ƙarfi, yana rarrabe bugun da ke yawo a sama da wanda ya nutse, mai sauri da mai nawa, siriri da mai tauri. A ƙarni na 3 wani likita mai suna Wang Shuhe ya lissafa nau'o'in bugu 24, na bayansa suka kai su 28. Ko mutum bai yarda da fassarar da suke yi wa waɗannan alamomi ba, zai ga cewa aiki ne na zama da natsuwa, wanda ba shi da dangantaka da na'urar nan da ake ba mutum ya riƙe ƙarfenta ta zayyano masa cututtuka goma a allon kwamfuta cikin minti biyu.

Abin da likita ya tara sai ya auna shi da ma'aunai takwas da ke tafiya bibbiyu: ciwon yana fatar jiki ne ko ya shiga ciki, na sanyi ne ko na zafi, ƙarfin jiki ne ya gaza ko cutar ce ta yi yawa, sannan a ƙarshe ya karkata ga abin da suke kira "yin" (ɓangaren sanyi da rauni) ko ga "yang" (ɓangaren zafi da ƙarfi). Bahaushe ba zai ji maganar sanyi da zafi baƙuwa ba, domin masu maganinmu ma da ita suke magana. Sakamakon wannan awo shi ake yi wa magani, shi ya sa suke cewa cuta ɗaya kan sami magani daban-daban, cututtuka daban-daban kuma kan sami magani ɗaya. Wani likita mai suna Zhang Zhongjing, wanda ya yi rubutu wajajen shekara ta 200 miladiyya, ya nuna haka da mura mai zazzaɓi. Wanda jikinsa ke ciwo, yana rawar sanyi, ba ya gumi, jijiyarsa ta yi tauri, ana dafa masa haɗin da wani tsiro mai suna ma huang ke jagoranta domin gumi ya karyo. Wanda kuwa tuni yake gumi, bugunsa ya yi laushi, nasa haɗin na reshen kirfa ne da citta da 'ya'yan wata itaciya dangin magarya da saiwoyi biyu. Ya kuma yi gargaɗi cewa kada a ba mai wannan hali maganin wancan. Shi kansa haɗin magani tsari gare shi irin na fada, da sarki wanda ke tunkarar ciwon, da waziri mai ƙarfafa shi, da mataimaki mai rage kaifinsa, da jakada mai daidaita sauran, kuma idan majinyaci ya dawo alamominsa sun sauya, likita yakan cire wani abu ya ƙara wani.

Ba ina cewa duk wannan ya tabbata a kimiyyance ba ne. Ƙarfin da suke kira chi, da hanyoyin da suke cewa yana bi a jiki waɗanda ake soka allurai a kansu, masu ilimin sassan jiki ba su gan su ba, kuma likitoci biyu sukan taɓa jijiyar mutum ɗaya su saɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya babi na irin waɗannan alamomi a kundinta na cututtuka da aka amince da shi a 2019, amma ta bayyana cewa domin ƙididdiga ne, ba shaidar inganci ba.

Babban abin da duniya ta amfana da shi daga wannan gado ta hanyar gwaji ya fito. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa shirin neman maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma wata mai binciken magunguna, Tu Youyou, da ta shiga aikin a 1969, ta ci karo da bayanin wani masanin magani na ƙarni na 4 mai suna Ge Hong cewa a jiƙa ciyawar qinghao, dangin tazargade, a matse ruwanta a sha. Ta fahimci cewa tafasawa ce ke lalata sinadarin, ta tace shi da ƙaramin zafi a 1971, aka gwada a kan dabbobi da mutane, aka samu atemisinin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan maleriya da asibitocinmu ke bayarwa a yau. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Haɗarin rashin kula kuwa an gan shi a Beljiyam a farkon shekarun 1990, inda aka musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna cikin maganin rage ƙiba, mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda, wasunsu har da kansar mafitsara. Shi kansa ma huang yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, abin da ya sa Amurka ta haramta sayar da shi a matsayin ƙarin abinci a 2004.

A ƙasar Sin ɗin ma likitan gargajiya sai ya yi karatu ya ci jarrabawa ya karɓi lasisi, akwai kuma dokar da ta fara aiki a 2017 a kan wannan fanni. Saboda haka ina kira ga hukumar NAFDAC da ta riƙa bibiyar alƙawuran da ake yi a tallace-tallace bayan ta ba da lamba, ga gidajen rediyo kuma da su nemi takardun mai talla kafin su sayar masa da lokaci. Masu hawan jini da ciwon suga da ke ajiye maganin asibiti saboda kwalbar da ba wanda ya duba su kafin ya miƙa musu ita su ne suka fi shiga haɗari, kuma zai yi kyau wannan jarida ta tura wakilinta wuraren da ake wannan gwaji na na'ura, ya tambayi masu yin sa inda suka yi karatu da wanda ya ba su izini.

Wassalam.

Wani mai karatu,
Zariya, Jihar Kaduna.