Kwana goma sha biyu a tanti: wasiƙa daga Kampala

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Ka ce mini ƙafar ta fara sauƙi, Allah Ya ƙara afuwa. Ka durƙusa ka gaishe mini da ita, ka ce ɗanta na Yuganda yana neman addu'a.

Ka yi ta ƙorafi cewa hotuna kawai nake watso maka a WhatsApp babu bayani. Gaskiyarka ne. Akwai abin da hoto ba ya ɗauka, shi ya sa yau bayan Isha'i na ce sai na zauna na ba ka labarin tafiyar nan daga tushe.

Babban hutun makarantu a nan Disamba da Janairu ne, lokacin da ruwan sama ke ɗan sararawa. Shekara huɗu ke nan muna ƙasar nan, amma yaran ba su san komai ba sai hanyar makaranta da cunkoson Kampala. Maman yara ce ta kawo shawarar mu fita. Muka ari tanti biyu a wajen wani abokin aikina, muka loda katifu da barguna da gidan sauro da ƙaramin murhun gas, da shinkafa da garin masara da sauran yajin da ka aiko mana bara. Mu biyar: ni da ita, da babbar 'yarmu da ta cika sha huɗu, da mai sunanka, da auta.

Mun bi hanyar Masaka. A Kayabwe muka tsaya, inda layin da ya raba duniya gida biyu ya ratsa titi, mai sunanka ya sa ƙafa ɗaya a arewacin duniya ɗaya a kudanci. Daga Masaka muka karkata zuwa Bukakata, muka shiga jirgin fito da motarmu, ƙasa da awa guda sai ga mu a Bugala, mafi girma a cikin tsibiran Ssese guda 84. Tafkin Victoria ba shi da kama da abin da muka saba kira tafki. Ba ka hango ɗaya gaɓar, yana da igiya kamar teku, mutanen Buganda kuma Nalubaale suke ce masa. Mun hana yara shiga saboda tsargiya. Da dare fitilun masunta suka cika ruwan kamar gari, suna kamun wani ɗan mitsitsin kifi da suke kira mukene.

Wani masunci ya ɗago mana babban kifi, ina ganinsa na gane shi: giwan ruwa ne, irin wanda ake fito da shi a Argungu. Asalinsa ba ɗan tafkin ba ne. A shekarun 1950 aka zuba shi, ya hayayyafa ya cinye ire-iren ƙananan kifaye masu ɗimbin yawa waɗanda babu su a ko'ina sai nan. Yau shi ake sarrafawa a tura Turai. Mun gasa shi da yajinka, mun kuma yi maka addu'a.

Kwana biyu muka yi, muka tsallako muka nufi yamma. Wajen Mbarara sai garken shanun Ankole, jajaye masu ƙahonin da suka fi na rahajin Bororo tsawo da kauri, har maman yara ta yi shiru ta ce sun tuna mata da rugagen bayan garinsu. Daga nan ƙasa ta fara tashi. Kafin mu isa Kabale duk mun sa rigunan sanyi, kuma da rana tsaka.

Tafkin Bunyonyi shi ne dalilin wasiƙar nan. Ka hau tudu ka hau, sai kwatsam ka gan shi a ƙasa, ya miƙa yatsu tsakanin tsaunuka, da tsibirai 29 a warwatse a cikinsa. Tsayinsa daga teku ya kusa mita 2,000, ka ga ya fi Jos nesa ba kusa ba. Narkakken dutse ne ya malalo tun zamanin da ba a san adadinsa ba, ya toshe bakin kwari, ruwa ya taru a baya. Ma'anar sunan, wurin ƙananan tsuntsaye masu yawa, kuma sunan ya dace, don kafin kiran sallar da na saita a waya ya tashe ni, su suka tashe ni. Babu kada, babu dorina, don haka yara suka yi wanka, sai dai ruwan kamar na randa a tsakiyar hunturu. Mutanen wurin Bakiga ne, manoma na gaske. Sun yanka gefen kowane tsauni hawa-hawa kamar matakala, tun daga bakin ruwa har ƙololuwa, dawa da wake da dankali. Za ka ga tsohuwa da fartanya a gangaren da kai ko tsayuwa ba za ka iya ba.

Daren farko aka sheƙa ruwa, tantin yara ya yi yoyo, muka tattaru mu biyar a tanti ɗaya har gari ya waye. Rabon da in kwana auta na jingine a ƙirjina tun tana goye. Da asuba na fito alwala, hazo ya rufe tafkin ruf, tsibiran suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Wani abin da har yau bakina bai saba ba: mu a gida in an ce gabas an ce alƙibla, amma a nan kusan arewa ake fuskanta. Na ja su sallah a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, gauraki biyu na kiwo a gefenmu. Irin gaurakan nan ne a tutar ƙasar, ɗan'uwan namu ne, sai dai wuyansa toka-toka.

Da hantsi muka ɗauki kwalekwale, irin wanda ake fafewa daga gungume ɗaya. Mai tuƙin ya nuna mana Bwama, inda wani likitan mishan, Leonard Sharp, ya buɗe wurin jinyar kutare a 1931, yanzu makaranta ce, yara na zuwa a kwalekwale. Sannan ya kai mu gefen wani ɗan tsibiri, fili ne kawai na ciyawa da ƙyar ya ɗago sama da ruwa. Sunansa Akampene. A da, in yarinya ta yi ciki ba aure, nan danginta suke kawo ta su ajiye su juya. Ko yunwa ta kashe ta, ko ta faɗa ruwa, ko kuma wani talaka da ba shi da shanun biyan aure ya zo ya ɗauke ta ta zama matarsa. An daina tun a ƙarnin da ya wuce.

Kowa ya yi tsit. Sai babbar 'yata ta juyo ta ce da ni, da Hausa don kada mai kwalekwalen ya ji: "Baba, shi namijin fa, wane tsibiri ake kai shi?"

Wallahi aminina, ban sami amsa ba. Abin da ya faɗo mini shi ne ayar nan ta Suratut Takwir, ranar da za a tambayi wadda aka binne da rai da wane laifi aka kashe ta. Na kuma tuna yarinyar nan ta layinmu, ka san wadda nake nufi, da aka kore ta cikin dare muna samari, shi kuwa wanda ya yi abin yana nan yana zama a majalisa ana gaisawa da shi. Mu ba mu da tsibiri, amma mun san yadda ake ajiye yarinya a juya mata baya. Daren nan na daɗe muna hira da 'yar tawa a bakin wuta, hirar da ban taɓa yi da ita ba a Kampala, inda kullum nake dawowa a gajiye. Ashe ta girma ban lura ba. Kai ma kana da 'yan mata biyu, shi ya sa nake gaya maka.

Daga Kabale zuwa Kisoro tafiyar ba ta da nisa, amma kwana ce a kan kwana, ta ratsa dajin gora na Echuya. A gangara birki ya yi zafi har yana wari, muka tsaya ya huce, daga nan na koma saukowa da ƙaramin giya. A wata kwana sai duwatsun suka bayyana gaba ɗaya. Muhabura, mita 4,127, tsaye kamar an kifa ƙoƙo mai tsini, ma'anar sunansa ja-gora, don da shi matafiya ke gane hanya. Ka tuna Chappal Waddi da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya 2,419 ne. Kusa da shi Gahinga, sai Sabyinyo mai kai kamar wawulon tsoho, wanda a ƙololuwarsa iyakokin Yuganda da Ruwanda da Kwango suka haɗu. Waɗannan ukun sun daɗe da yin shiru. Amma ɗan'uwansu Nyiragongo da ke tsallaken iyaka ya yi aman wuta a 2002 ya ratsa birnin Goma, ya sake yi a watan Mayun 2021. Mai sunanka ya tambayi wani manomi ko ba sa tsoro. Mutumin ya damƙo baƙar ƙasa ya nuna masa, ya nuna buhunan dankalin Turawa da aka jera a bakin hanya, bai ƙara komai ba.

Ba mu je ganin goggon biri ba, sai mai shekara 15 ake bari, kuɗin kuma ba na malamin makaranta ba ne. Mun bi 'yan ƙabilar Batwa cikin dajin Mgahinga. Kakanninsu a dajin suka rayu, farauta da zuma, har 1991 da aka mai da shi gandun gwamnati aka fitar da su. Yanzu sai dai su shiga a matsayin 'yan rakiyar baƙi. Dattijon ya nuna mana yadda ake haƙo wuta da itace biyu, da ganyen zazzaɓi, ya kai mu kogon Garama. A cikin duhun kogon matansu suka rera waƙa. Ban ji kalma ɗaya ba, amma maman yara hawaye take yi. Mutum ya zama ɗan rakiya a gidan ubansa, abin ya tsaya mini a rai.

Zangon ƙarshe Katwe ne, kusa da mashigin Kazinga da ya haɗa tafkin Edward da na George. A nan dorina ke fitowa kiwo da dare, don haka ba mai fita daga tanti sai gari ya waye. Tafkin Katwe kansa bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, ruwa na shiga ba ya fita, rana na ƙafar da shi ya bar gishiri. Kowane gida da 'yan fadamunsa da aka kewaye da laka da itace. Mata na kankaro na sama, maza na shiga har ƙirji su fasa na ƙasa mai kama da dutse. Ruwan yana cin fata, ƙaramin ƙurji sai ya zama gyambo. An taɓa gina masana'anta a bakin tafkin, gishirin ya cinye bututunta, ginin na nan a tsaye ba kowa. Ina kallonsu ina tuna kakanka, Allah Ya jiƙansa, da kantun Bilma da yake jerawa a Kurmi, da labarin ayarin raƙuma da yake ba mu. Na sayo maka dunƙule ɗaya ka nuna wa Hajiya, ita za ta faɗa mana ko ya kai manda.

Yanzu ga maganar. Hutun Disamba mai zuwa ina so ka zo da iyali. Masauki da mota da tanti duk a wuyana, kai dai ka ji da kuɗin jirgi. Ka fara sabunta fasfo tun yanzu, kuma kowa ya yi rigakafin shawara ya riƙe katinsa. Ku taho da rigunan sanyi masu kauri. Ina so 'yan matanka su shiga kwalekwalen nan tare da yayarsu.

In za ku taho, maman yara ta ce a tuna mata da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Tana gaida amaryarka da kyau, yara suna gaida Baffansu. Ka gaida mutanen majalisa, da Liman, da duk wanda ya tambaye ni.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Kampala