Rahoton kwamiti kan gyaran ɗakin ajiye takardunmu

Salam 'yan uwa. Tunda ana ta kiran waya ana tambaya wai ina kuɗin da aka tara don gyaran ɗakin da muke ajiye hotuna, kaset da wasiƙun tarihinmu suka shige, to ga bayani, kuma rasit ɗin komai yana hannun ma'aji, mai so ya zo ya duba.

Fenti da wayarin da sabuwar ƙofa ba su ci wani abin kirki ba, fentin ma ƙannenmu ne suka yi kyauta. Danshi ne ya cinye kuɗin. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, gini ne tsoho irin na gabashin Landan, ana ɓare filasta sai ga bango jiƙe sharkaf, kwali biyu na wasiƙu har sun fara fumfuna, dole aka tsaya aka kira magini ya toshe ya sake shafe bangon, wannan kaɗai ya lashe kusan rabin abin da kuka bayar.

Sai maganar injin tsotse danshi da kantocin ƙarfe da kwalaye marasa asid, wanda wasu ke cewa almubazzaranci ne, ai robobin kasuwa ma sun isa. Wallahi ba su isa ba. Roba tana riƙe gumi, kwalin kanti kuma yana sa takarda ta yi ja ta ruɓe. Kafin mu sayi ko ƙusa sai da muka je laburaren Bishopsgate Institute kusa da tashar Liverpool Street, wanda aka buɗe tun 1895, muka ga yadda suke adana tarihin 'yan LGBT, wato masu neman jinsi da masu sauya jinsi, na Birtaniya, yankakkun jaridu na shekaru da yawa, takardun ƙungiyar kare haƙƙinsu ta Stonewall, har littattafan da masu amsa waya na Switchboard, ƙungiyar da ke taimaka musu ta waya wadda ta fara aiki a 1974, suke rubuta kiran mutane a ciki. Kowace takarda da jakarta da lambarta. Namu kuma fa? Hotunan 'yan daudu a wajen biki, kaset na hira da dattawan da yawancinsu sun rasu, wasiƙun waɗanda suka baro gida bayan dokar Najeriya ta 2014 da ta haramta auren jinsi, babu kwafinsu ko'ina a duniya, in suka lalace shi ke nan.

Godiya ta musamman ga Hajiyarmu ta Peckham da ta biya kuɗin injin ita kaɗai ba ta ko tambayi farashi ba, da yayanmu likita na Manchester da ya cike giɓin magini, Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi.

Saura kaset ɗin. Suna nan a kanta amma zaren wasu ya fara mannewa, muna buƙatar na'urar juya su zuwa kwamfuta da ma'ajiyar kwamfuta (hard disk) guda biyu don ajiye kwafi, da wanda zai zauna ya rubuta hirarrakin da Hausa. Don Allah mai fam biyar ya kawo, mai ranar Asabar ya zo da kansa, a tuntuɓi ma'aji kafin ƙarshen wata.