Gaisuwar Sallah daga bakin kogin ƙanƙara

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Da asuba na farka ina sauraron Baba yana wasa wuƙa, sai ƙararrawar wuyan shanun Suwizalan na ji. Ko Idi ban samu ba, muna kan dutse wajen aiki.

Inna, wurin nan Aletsch sunansa, kogi ne na ƙanƙara zalla, mafi girma a tsaunukan Alps na Turai. Tsawonsa ya kai kilomita 20, kaurinsa a wani wurin kusan mita 800. Kuma tafiya yake yi a hankali, yana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinsa. Inda ya janye, dutsen ya yi sumul kamar dutsen niƙan Kaka, da zane-zanen da ke nuna inda ƙanƙarar ta nufa. Kwarin da ruwa ya haƙa tsukakke ne, wanda ƙanƙara ta haƙa kuwa gindinsa da faɗi kamar akushi. A gefe ta tara tsakuwa doguwa kamar kunyar gona, da ita muke gane inda ta tsaya a da. Aikinmu mu huda ƙanƙara mu kafa sanda, mu dawo mu auna abin da ya narke. A 2022 da 2023 kaɗai ƙasar nan ta rasa kashi 10 cikin ɗari na ƙanƙararta. Wallahi abin yana damuna, don noma da wutar lantarkinsu na dogara da ruwan nan.

Amma yau hankalina na wajen kaskon suya. Hantar nan ta farko da Inna ke tsamowa tana tururi, a barbaɗa yaji, mu ci a tsaye muna ƙona yatsu. Sai soyen da ake zubawa a kwalla ya kai mu har wata guda. Nan burodi da cuku na ci, sanye da shaddata a ƙarƙashin rigar sanyi. Abokan aikina sun yaba ɗinkin, na ji daɗi ƙwarai.

A gaida Kawu da iyalinsa, da maƙwabta. A gaida Yaya, ya turo min hoton ragon. Goggo ta ajiye min kasona. Auta kuwa, goron Sallarta na nan tafe, kada ta yi fushi, kuma ta nuna min lallenta. Kaka, a riƙe mata wayar kusa da kunne, a ce mata mijinta na ƙasar sanyi bai manta ta ba, ta ci gaba da sa min albarka.

Ɗanku mai kewarku.