Ƙaiƙayin da Gwajin Jini Ba Ya Nunawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ƙarfe 3 saura na dare nake rubuta maka wannan wasiƙa. Kada ka ɗauka ƙwazo ne. Ni da barcin wannan lokaci mun daɗe da raba gari, kuma dalilin rabuwar tamu shi nake roƙon ka ba ni fili in faɗa wa masu karatu.

Duk sa'ad da aka yi bayanin sankarar jini a shafin lafiya, alamomin da ake jerowa ba sa canzawa: kasala, rama, gumin dare, kaluluwa a wuya ko hammata, kumburin saifa, yawan kamuwa da cututtuka. Duka gaskiya ne, wasu ma na ɗanɗana. Amma da yau za a ce in zaɓi abu ɗaya a ɗauke mini cikin abubuwan da cutar nan ta jawo mini, ko tunani ba zan tsaya yi ba, ƙaiƙayi zan nuna. Shi kuwa in an ambace shi ma a ƙarshen layi ne, kamar ɗan rakiya.

Ni tsohon malamin makaranta ne. A 2019, ina ɗan shekara 58, aka ɗebi jinina za a yi mini aikin yanar ido, sai sakamakon ya fito da abin da ba shi aka je nema ba. Wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait, wanda a jikin mai lafiya ba kasafai yake wuce 4,000 a ɗan ɗigon da suke aunawa ba, nawa ya haura 23,000. Bayan ƙarin gwaje-gwaje aka ce ina da sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da CLL. Ɓargo ne yake ta ƙera ƙwayoyin da ba sa aikin tsaron da aka san su da shi, ba sa kuma mutuwa a kan lokaci, sai dai su taru su cika wuri. Likitan jini ya ce ba za a fara mini magani ba tukuna, domin fara shi da wuri ga wanda cutar ba ta matsa wa ba bai nuna yana ƙara tsawon rai ba. Sai dai a zuba ido, a riƙa auna jini. Na dawo gida ina ganin na tsallake rijiya da baya.

A shekara ta uku ƙaiƙayin ya fara, daga ƙwauri. Na ɗora laifin a kan sabulu, na canza. Na ɗora a kan kuɗin cizo, muka fitar da katifa rana, muka kakkaɓe ɗaki kamar masu shirin tashi, ba mu ga ko ɗaya ba. Kafin wata biyu ya hau cinya, ya kama gadon baya, ya shiga tsakanin kafaɗu inda hannu ba ya kaiwa. Hausa tana cewa an sosa wa mutum inda yake masa ƙaiƙayi in an faranta masa. Wanda ya ƙirƙiro wannan magana bai san irin nawa ba. Nawa ba shi da inda. Kana sosa nan ya tsallaka can, kuma ji kake yana can ƙarƙashin fata, wurin da farce ba zai taɓa isa ba. Na sosa da mataji, na sosa da bayan cokali, na goga bayana a jikin ƙofa kamar akuya. Da safe maiɗakina takan cire zanen gado mai ɗigo-ɗigon jini ta kai wanki ba ta ce uffan ba.

Akwai wautar da na yi da ya kamata in tona wa kaina asiri a kanta, don na san ba ni kaɗai ba ne. Na gano cewa in na watsa ruwa mai zafi sosai, irin wanda da ƙyar fata take jurewa, wani daɗi yakan ratsa ni har cikin ƙashi, ƙaiƙayin ya ɗauke ɗif. Sai na mayar da shi magani, wani lokaci sau uku a dare. Ashe rami nake haƙa wa kaina. Ruwan zafin yana wanke ɗan maiƙon da yake tsare fata, ta bushe, ta yi gautsi, bayan awa ɗaya abin ya dawo ya ninka na da.

Raɗaɗin jiki daban, na mutane daban. Mai ciwon kai in ya dafe kai tausayinsa ake ji. Mai susa kuwa ƙyamarsa ake yi. Na ga mutum ya ja jikinsa daga kusa da ni a kan benci yana yi kamar gyara zama yake. Wata rana jikanyata ta rugo za ta haye cinyata, uwarta ta kira ta da wata irin murya, wai ta zo ta sa takalmi, alhali takalmin yana ƙafarta. Ban ga laifin surukata ba, ƙazwa take tsoro, kuma duk mai ɗa dole ya ji tsoronta. Amma ranar na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba.

Sau biyu na faɗa wa likita, kuma in za a yi adalci rabin laifin nawa ne. Nakan bari sai an gama duba sakamakon jini, an lalube wuya da hammata da ciki, na miƙe zan fita, sannan in ce, "Af, likita, ina ɗan fama da ƙaiƙayi." Ɗan fama! Mutumin da rabonsa da barcin awa huɗu a jere ya fi wata shida. Kunya nake ji a ce ana maganar sankara ni kuma ina kawo ƙarar susa. Shi kuma yaron likitan, ga layi a waje, sai ya ce, "Baba, ai jininka ya yi kyau, ƙaiƙayi ne kawai," ya rubuta mini Piriton. Na sha, ya sa ni gyangyaɗi, na ci gaba da susa cikin gyangyaɗin.

'Yata ce ta fitar da ni. Ta kawo mini littafin rubutu irin wanda na shekara talatin ina duba wa yara, ta ce kullum in ba ƙaiƙayin maki daga 0 zuwa 10, in rubuta awa nawa na yi barci, me na sha, me na shafa, ina ne ya fi tsanani. Ta kuma ɗauki hotunan bayana da ƙafafuna da waya. Da ranar asibiti ta zo, kafin a buɗe fayil na ajiye littafin a kan tebur na ce yau da wannan za mu fara. Likitan ya ga 8 da 9 sun yi jerin gwano har shafi huɗu, ya ajiye biro. Ranar aka tura ni wurin likitar fata.

Bayanin da baiwar Allahn nan ta yi mini shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ta ce ƙaiƙayin da ya wuce mako 6 ba a kallonsa a matsayin ƙaramin abu, bincike ake yi. Ga mai irin cutata kuma ƙofofin da yake shigowa suna da yawa, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta kankari fatata ta duba ko ƙazwa ce, domin mai raunin garkuwar jiki tana iya kama shi ta zo da kamar da ba a saba gani ba. Babu. Ta sa aka auna hanta, ƙoda, suga, maƙoƙo da sinadarin ƙarfe na jini, domin kowannensu in ya samu matsala yana iya sa ƙaiƙayi ba tare da ƙurji ko ɗaya ba. Ta tambayi duk abin da nake haɗiya, har wanda na saya da kaina. Ta ce magungunan da ake yawan ba masu wannan cuta, irin su allopurinol da co-trimoxazole, da sababbin irin su ibrutinib da aka fara ba masu CLL a Amurka a 2014, suna iya fesar da ƙuraje, kuma wanda ya ga ƙurji bayan fara sabon magani ya kira likitansa a ranar, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Sannan ta nuna wasu manyan kumburi a hannuna masu tauri, wasu har sun yi ruwa, ta ce cizon sauro ne. Na yi musu, don na san cizon sauro tun ina yaro. Ta ce sananne ne a wannan cuta, garkuwar jikin da ta rikice takan mayar da ɗan cizo babban yaƙi, ya kumbura ya yi makonni. Ta yanki ɗan ƙanƙanin fata aka kai ɗakin gwaji don a tabbata ba ƙwayoyin cutar ne suka taru a wurin ba.

Na tambaye ta me ya sa ƙwayar Piriton da na sha ba ta yi aiki ba. Ta ce ba laifin ƙwayar ba ne. Ita aikinta tare wani sinadari mai suna histamin, wanda shi ne yake haddasa borin jini, kuma a can tana aiki sosai. Amma akwai ƙaiƙayin da ba ta hanyar histamin yake bi ba, jijiyoyinsa daban, kuma a cututtukan jini sau da yawa wasu sinadaran da ƙwayoyin garkuwar jiki suke fitarwa ne suke tsokano jijiyoyin. Abin da ya ba ni dariya shi ne da ta ce masu bincike in suna son tayar da irin wannan ƙaiƙayi a ɗakin gwaji, gashin karara suke soka wa fata. Duk wanda karara ta taɓa taɓawa yanzu ya fahimci darena. Daga baya na karanta cewa a 2007 masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka gano, a jikin ɓeraye, wata hanya a lakar gadon baya da take ɗaukar saƙon ƙaiƙayi musamman. Kafin nan an daɗe ana ɗaukarsa ƙanen zafi ne kawai. Susa kuwa ɗan zafi take haifarwa ya danne ƙaiƙayin na ɗan lokaci, sai fatar da aka yage ta kumbura ta ƙara kiran farce.

A nawa an samu ƙarancin ƙarfe a jini, da bushewar fata wadda ni na jawo rabinta, da batun sauron. Sauran kuma aka ce na cutar ne, sai lallaɓawa.

Yanzu wankana sau ɗaya ne a rana, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, gajere, ba soso, ba sabulu mai ƙamshi. Ba na goge jiki da tawul, dannawa nake yi, kuma tun fata tana da danshi nake lafta mai mai kauri marar turare, in bi kwanciyar gashi. Na yi mamakin yawan da ake buƙata, babban mutum in duk jiki zai shafa yakan cinye kusan giram 500 a mako. An gargaɗe ni cewa irin wannan mai yana jiƙa tufa da zanen gado, kuma tufar da ta sha shi tana saurin kama wuta, don haka ba na matsawa kusa da murhu. Akwai wani man mai mentol kashi 1 cikin 100 da nake ajiyewa a firji, sanyinsa yana ruɗar jijiya. Tufafin auduga masu walawa, farce a yanke ƙaf, gidan sauro, fanka. Man sitiroyid na kumburin cizon ne kaɗai, na 'yan kwanaki, don in aka daɗe ana shafa shi yana sirantar da fata. Da dare kuma ina shan gabapentin, wanda yake kwantar da jijiyoyi. An fara da kaɗan bayan an duba ƙodata, makon farko na yi ta jiri, kuma ba a daina shi farat ɗaya. Ban ambaci sunansa don wani ya je ya saya ba. Wani majinyacin da muke haɗuwa a layi bai karɓe shi ba, wani maganin daban aka ba shi. Na tambayi gashin fata da hasken fitila da ake yi wa wasu masu ƙaiƙayi, likitar ta ce sai ta yi shawara da likitan jini, domin masu CLL sun fi sauran mutane haɗarin sankarar fata. Shi ya sa ma take duba duk wani tabo ko gyambon da ya ƙi warkewa.

Abu biyu ba a jira da su. In wurin da aka sosa ya yi ja, ya ɗau zafi, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, asibiti ake nufa ko da tsakar dare ne, don ƙaramin rauni ga mai raunin garkuwa yana iya zama babba cikin sa'o'i. Na biyun ya same ni bara. Wani ƙaiƙayi mai zugi ya kama ni a haƙarƙarin dama kaɗai, bayan kwana biyu ƙuraje masu ruwa suka fito a jere kamar ɗamara. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun ƙuruciya ta farka. Maganinta ya fi aiki in an fara cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Da ban saba da rubuta komai ba, da na ce na kullum ne na shafa mai na kwanta.

Ban warke ba. Makin da yake 9 yanzu yana yawo tsakanin 3 da 4, kuma akwai darare irin na yau da yake tuna mini bai yi ƙaura ba. Dare dama lokacinsa ne, fata ta fi ɗumi, ta fi zubar da danshi, ga shi babu abin da zai ɗauke wa mutum hankali.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka gayyato likitan fata a shafin lafiya ya yi wa masu ciwon jini, da na ƙoda da na hanta, bayanin wannan abu da harshenmu. Likitoci kuma su riƙa tambaya da kansu, don irina masu kunya suna da yawa. Masu jinya kuwa, don Allah ku daina ce wa majinyaci "daina susa". Ya fi ku son dainawa. Maiɗakina ta daɗe da barin wannan magana. In ta ji ƙarar farce a cikin duhu sai ta tashi ta ɗauko jiƙaƙƙen tawul daga firji ta sa mini a hannu, ta koma ta kwanta. Ga shi nan ma a kafaɗata yanzu, ya fara hucewa, bari in je in canza.

Na gode.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, mai karanta jaridarku