Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kula da shafin shigar da makin ɗalibai

Yallaɓai Manaja,

Bayan gaisuwa. Ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba, amsar da ma'aikacinku ya ba ni ranar Alhamis ce ta jawo. Sau huɗu ina kira cikin mako biyu, sai a na huɗun aka ɗaga, da ƙarfe 2:15 na rana. Na shaida masa cewa shafinku ya fitar da ni daga asusuna ina tsaka da shigar da makin ɗalibai 58, kuma duk abin da na rubuta ya salwanta. Sai ya ce, "Malama, ai sai ki riƙa sauri, don tsaronki aka yi hakan." Ina cikin magana ya kashe wayar.

Makin 'ya'yan mutane ba abin gaggawa ba ne, kowace lamba sai na duba ta sau biyu a takarda. Daren Litinin na shafe minti 40 a kan fom ɗin, ina danna maɓallin ajiyewa sai ga shafin kalmar sirri. Da na sake shiga, fom ɗin fayau. Wannan ne karo na uku ko na huɗu a zangon nan.

Na bincika yadda abin yake. Idan mutum ya shiga, sabarku, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, kan ba burauzarsa lambar shaida ta adana a kuki, wato ɗan bayanin da burauza ke ajiye wa shafi, sannan sabar ta riƙa lissafin lokaci daga saƙo na ƙarshe da ya iso mata. Rubutun da nake yi a fom ba ya isa gare ta sai na ajiye. Ina gumi a kan aiki, ita kuwa ta ɗauka na tashi na bar kwamfutar, bayan minti 10 ta soke lambar ko gargaɗi babu.

Ban ƙi a rufe asusun da aka bari a buɗe ba. Amma ita kanta OWASP, ƙungiyar masana tsaron manhajoji, minti 15 zuwa 30 ta ambata ga shafukan da haɗarinsu bai yi yawa ba. Ƙa'idojin WCAG kuwa, na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet, tun 2008 suka tanadi a gargaɗi mutum kafin lokaci ya ƙare, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari. Ku ba ku yi ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tsohuwar wayata da na ba ƙanwata watannin baya. Na canja kalmar sirri bayan haka, amma makon jiya ta nuna mini asusuna a buɗe a wayar, da sunayen ɗalibaina da makinsu. Dokar minti 10 ɗin ba ta rufe shi a wayar ba, canja kalmar sirri ma bai soke tsohuwar shigar ba. To ina tsaron da aka kashe mini waya a kansa?

Ina neman ku sa gargaɗi kafin fitarwa, fom ya riƙa ajiye kansa, kuma a rufe asusu a duk na'urori da zarar an canja kalmar sirri. Ina kuma neman ku rubuto wa kowace makaranta da ke amfani da shafinku ku faɗa mata gaskiya, domin kun karɓi amanar bayanan yara kun bar su a hannun duk wanda ya gaji tsohuwar waya, sannan kun horar da ma'aikatanku su ɗora wa malamai laifi.

Ina jiran amsa a rubuce kafin ƙarshen watan nan.

Taku,
Malamar aji